Aikin tsaron iyaka: gardi, polis ko duwan, wace ƙofa yaro zai ƙwanƙwasa?

Malamin Kwaleji, Tawa: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Yaran da suka samu BEPC (takardar gama kwaleji) da BAC (takardar gama sakandare) bana da yawa suna tambaya a kan abin da suke kira "aikin iyaka". Kowa so yake ya sa kaki a kai shi Ƙonni, bakin iyakar Najeriya. Iyaye ma haka suke tambaya. Waɗanda suka san aikin nan daga ciki, don Allah ku fayyace mana: ina ake nema, me ake kaiwa, kuma me ke kayar da yara?

Tsohon Ajidan: Wa alaikumus salam Malam. Farko a cire wa yaran nan tunanin cewa akwai runduna ɗaya mai suna masu tsaron iyaka wadda ake shiga kai tsaye. A Nijar aikin rabe yake, kuma kowane sashe da gidan ministan da yake ƙarƙashinsa.

Polis suna ƙarƙashin ministan cikin gida. Reshensu na DST shi ke riƙe da ofisoshin shige da fice: duba takardun mutane, buga hatimi, rajista. Duwan suna ƙarƙashin ministan kuɗi, su ruwansu kaya ne da haraji, ko da yake suna sa kaki suna riƙe bindiga. Jandarma na ministan tsaro ne, kamar soja. Sai Garde Nationale, gardi kenan, su ma na ministan cikin gida ne amma horonsu da galarsu irin na soja ne. Dattawa sun san su da Garde Républicaine, a 1997 aka mai da su FNIS, a 2010 suka ɗauki sunan da suke da shi yanzu. Su ne ake samu a wuraren da babu kowa sai su: ƙauyukan makiyaya, rijiyoyin arewa, gidan prefe, gidan kaso.

Iyakarmu ta kai wajen kilomita 5,700 da ƙasashe bakwai: Najeriya, Cadi, Aljeriya, Mali, Burkina, Libiya da Benin. Ta Najeriya kaɗai wajen kilomita 1,500 ce. Jihar Tawa tana da iri biyu da ba su yi kama da juna ba ko kaɗan. A kudu akwai Ƙonni da ke kallon Illela, da Bangi ta ƙasar Madawa da ke kallon Sabon Birni, wuri ne mai jama'a da kasuwa da babura. A arewa maso yamma akwai ɓangaren Tiliya da ke kallon Mali, inda za ka yi tafiyar wuni ba ka ga kwalta ba. Yaron da ya sa hannu bai zaɓar wadda za a kai shi.

Hajiya Mai Atamfa: Baba Ajidan, to wanda ya shiga gardi ke nan babu tabbacin zai ga iyaka ma?

Tsohon Ajidan: Babu, Hajiya. Tsaron gidajen kaso na ƙasar nan a hannun gardi yake. Yaro na iya fitowa daga horo a ba shi hasumiyar gidan kason Tawa ko Kutukale ya yi shekaru, ko ƙofar wani gidan minista a Yamai. Wannan ma aiki ne mai nauyi, gardi ne suka kore harin da aka kai Kutukale a Oktoban 2016. Amma wanda ya shiga da mafarkin shingen Ƙonni zai yi baƙin ciki, kuma mai baƙin ciki da bindiga a hannu matsala ne ga kowa.

Ɗan Koira Tegi: Ina ƙara abu ɗaya da Baba bai ambata ba. Cikin polis akwai rundunonin sintiri na iyaka da ake kira CMCF, masu mutum kimanin 250 kowanne. Na farko a Maraɗi aka kafa shi, na biyu a Birnin Ƙonni a 2019, daga baya aka yi na Tera. Su ba sa zama a shinge, motoci da babura gare su suna bin hanyoyin daji da 'yan fasa-ƙwauri ke bi. Sai dai ba a yi musu kwankur, wato jarrabawar ɗaukar aiki, na daban ga farar hula. Sai ka zama ɗan sanda tukuna, ka fito daga makarantar polis ta Yamai, sannan a zaɓe ka daga ciki.

A polis takardar makaranta ita ke yanke maka matakin shiga. Mai BEPC gardiyan zai nema, mai BAC insifekta, ofisiye da kwamisa kuma sai da takardar jami'a. Yaron da saura shekara ɗaya ya samu BAC kada ya yi gaggawar barin aji don an buɗe kwankur. Hawa daga gardiyan zuwa insifekta ta cikin gida yana cin shekaru fiye da wannan shekara ɗayar da yake ganin ta yi masa tsawo.

Magatakardan Kotu: Ni a kan dosiye, wato tarin takardun da ake kaiwa neman aiki, zan yi magana, don a nan ake zubar da yara tun kafin a ga ko sun iya gudu.

Abin da kusan kowace sanarwa ke nema: takardar neman aiki da hannun yaro ya rubuta aka liƙa mata tambur, takardar haihuwa ko hukuncin kotu da ke madadinta, takardar ɗan ƙasa, kaziye (takardar kotu mai nuna ko an taɓa yanke wa mutum hukunci) wanda bai wuce wata uku ba, takardar likita, kofen takardun makaranta da aka buga wa hatimi a meri ko kwamisariya, da hotuna. Iyakar shekaru da tsawon jiki suna cikin sanarwar kanta, a karanta ta wannan shekarar, kada a bi ta bara. Ƙasa da shekara 18 dai ba a ɗauka.

Ga inda ake faɗuwa. Ka ɗauki takardun yaro uku ka jera a kan tabarma. Ta haihuwa ta ce Mahamadou, ta BEPC ta ce Mamadou, ta ɗan ƙasa ta ce Mahamane. A gida duk mutum ɗaya ne, a gaban mai tace dosiye mutum uku ne. Haka ranar haihuwa: wata takarda ta ce "wajen 2004", wata ta ce 1 ga Janairun 2005. Haka sunan uwa. Gyaran wannan sai ta kotu, kuma ba a kwana biyu ake yin sa ba. Duk mai niyya ya jera takardunsa yau, ya bi harafi harafi, kafin a yi sanarwa.

Na biyu, kaziye a kotun yankin da aka haife ka ake ciro shi. Wanda aka haifa a Keita yana zaune Yamai ya san da tafiya ko aike a gabansa. Kuma tunda wata uku ne ransa, kada a ciro shi da wuri ya mutu a aljihu. Tsarin da ya fi: takardar haihuwa da ta ɗan ƙasa tun yanzu, domin ba sa lalacewa, kaziye da takardar likita sai sanarwa ta fito.

Na uku, kada a miƙa asalin takardar makaranta cikin dosiye. Kofe ake sawa, asalin a riƙe shi cikin leda don ranar da za a ce a nuna.

Hajiya Mai Atamfa: Wanda shekarunsa suka wuce fa? Ana cewa ana yin sabon hukunci a rage.

Magatakardan Kotu: Ana yi, kuma shi ke halaka su. Makaranta tana da ranar haihuwar da aka rubuta tun ajin farko, hukumar jarrabawa ma tana da ita. Ranar da aka haɗa takardun biyu, ko bayan shekara biyar ne cikin aiki, kora ce da tuhumar takardar jabu. Kada uba ya yi wa ɗansa wannan da sunan taimako.

Ɗan Ƙonni: Ku gafarce ni manya, amma duk wannan bayani na wanda ke da hanya ne. Mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya. Dubban yara ke fitowa a ɗauki kaɗan. Ɗan talaka ya gyara dosiye har ya gaji, sunan wani za a kira.

Tsohon Ajidan: Ƙanena, ba zan ce maka ba a taɓa sa baki ba, ƙarya ke nan. Amma wannan maganar taka ita ce jarin 'yan damfara. Duk lokacin kwankur sai ka ga mutum ya bayyana, wai shi ɗan uwan wani kanar ne, a tura masa jaka ɗari biyu ko ɗari biyar ta waya. Ga yadda yake cin kasuwarsa: ya karɓa daga gida ashirin, bai kira kowa ba, bai ga kowa ba. Cikin yaran nan ashirin biyu ko uku za su ci da ƙoƙarin kansu, ya ce aikinsa ne, sunansa ya ƙara fita. Sauran ya ce musu sai baɗi, ko ya kashe layi. Iyaye kuwa sun sayar da sa ko sun jinginar da gona, kuma ba su iya kai ƙara domin abin da suka biya wa kuɗin shi kansa laifi ne.

Yawancin waɗanda ke faɗuwa a takarda, a likita da a gudu suke faɗuwa, kafin a kai inda sa baki zai yi aiki.

Ɗan Ƙonni: Na ji Baba, sai dai ban gamsu gaba ɗaya ba. Bayan an tace ɗin ma masu cancanta sun fi guraben yawa.

Ɗan Koira Tegi: Wannan gaskiya ne. Shi ya sa a polis da duwan rubutu ke raba gardama. Da Faransanci ake yin jarrabawar, kuma aikin kansa rubutu ne: rahoto, rajista, takardar kama kaya. Ko da kundin mulki na 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, Faransanci ya ci gaba da zama harshen aiki. Yaro ya riƙa yin dikte, wato shifta, kullum, ya san jihohi takwas da manyan garuruwansu, ƙasashen da ke maƙwabtaka da mu, da tarihin ƙasa tun 1960.

Malamar Asibiti: Bari in shigo da zancen likita, don yara na ɗauka wasa ne. Abubuwan da likitan kaki kan tsaya a kai: gani, har da bambance ja da kore, ji, hawan jini da bugun zuciya, ƙaba da gwaiwa, kumburin jijiya a maraina ko a ƙafa, tafin ƙafa shimfiɗaɗɗe, tsohon karaya da bai ɗoru daidai ba, sai gwajin jini, musamman ciwon hanta nau'in B da amosanin jini, emasi.

Shawarata, a je asibiti wata shida kafin lokaci, ba sati ɗaya ba. Ƙaba ana yi mata aiki ta warke, amma jiki na son watanni kafin ya ɗauki gudu da kaya. Haƙori ana cikewa. Ciwon hanta na B kuwa ya yi yawa a yankinmu, kuma mutum na iya ɗauke da shi tun yarinta bai taɓa jin komai ba. Wanda gwajinsa ya fito babu, ya yi rigakafi, allura uku ce. Wanda ya fito akwai, ya nemi likita ya bi shi, don lafiyarsa ta fi kaki. Kada ya sha jiƙe-jiƙen da ake cewa suna wanke jini kafin gwaji, ba sa canja sakamako, hantar suke ƙara wahalarwa.

Sannan taramol. Wasu yara na sha ranar gudu wai don kada su gaji. Yana ɓoye ciwo ne kawai, kuma idan ya yi yawa yana sa farfaɗiya da tsayawar numfashi. A zafin Afrilu wannan hanyar mutuwa ce.

Mai Horar da 'Yan Gudu: Malama ta faɗi gaskiya. Wata uku ya isa shirya yaro mai lafiya, idan aka bi a hankali.

Watan farko gudu sau uku a mako bayan Asuba, minti 20 zuwa 30, da saurin da zai iya magana yana gudu. Kowane mako a ƙara kaɗan, kada ƙarin ya wuce kashi ɗaya cikin goma. Wata na biyu a shigo da zagayen fili: mita 400 da ƙarfi, hutun minti biyu, sau shida, rana ɗaya a mako. Sauran ranakun pomp, motsa ciki da jan jiki a ƙarfe. Wata na uku a gwada nisan da sanarwa ta faɗa da agogo, sau ɗaya a mako, kuma wani lokaci da hantsi, don ba lallai a kira rukuninsa da sanyin safiya ba. Makon ƙarshe a rage, jiki ya huta.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne yaro ya kwana uku yana cin kilomita goma a kan kwalta da takalmin roba. Ƙashin ƙwauri ya kama ciwo, ya zauna wata guda. A yi gudu a ƙasa mai tauri, ba kwalta ba, ba rairayi mai zurfi ba. Kuma kada a sa sabon takalmi ranar gwaji.

Malamin Kwaleji, Tawa: Baba Ajidan, idan an ci, aka fito horo, aka tura yaro arewa, me ke jiransa?

Tsohon Ajidan: Ruwa ne farko, kafin a yi zancen abokin gaba. A bazara mutumin da ke ɗauke da makami da sulke yana buƙatar lita 8 zuwa 10 na sha a wuni. Mutum takwas, kwana uku, lita 240 ke nan, jarka 12 ta lita 20, nauyin kilo 240 a bayan mota, ba a sa na girki ba, ba a sa na ko-ta-kwana ba. Shugaban da bai iya wannan lissafin ba zai dawo da mutanensa a kwance. Alamar farko fitsari ne: idan ya yi ja ya ragu, mutum ya riga ya shiga matsala ko bai ji ƙishirwa sosai ba. Idan gumi ya tsaya, magana ta rikice, sai inuwa, a jiƙa masa jiki, a yi fifita, a nemi likita nan take.

Sai hatsarin kansa, wanda bai kamata a ɓoye wa iyaye ba. A Tazalit, ƙasar Tasara, ranar 6 ga Oktoban 2016 an kashe jami'an tsaro 22 da ke gadin 'yan gudun hijirar Mali, mafi yawansu gardi ne. A Maris na 2021 an kashe fararen hula 137 a Intazayen, Bakorat da Wistan, ƙasar Tiliya. An sa Tiliya da Tasara ƙarƙashin dokar ta-ɓaci a 2017. Uwa tana da haƙƙin ta san wannan kafin ta sa albarka.

Mai Gareji, Abalak: Allah ya jiƙansu. Baba, a ƙara da mota, don a can mota ita ce rai. Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya a rairayi mai laushi takan sha kusan ninkin abin da take sha a kwalta, saboda haka da ninki ake lissafin gazuwal. Kafin shiga rairayi a rage iskar taya zuwa wajen bar 1.2, tayar ta baje ta hau sama. Amma da an fito wurin duwatsu a mayar da iska, in ba haka ba gefen taya ya tsage. Idan ta fara nutsewa direba ya ɗaga ƙafa, ƙara wuta rami yake haƙawa; a tone gaban tayoyi, a sa farantan ƙarfe, a fita a hankali. Matatar iska a hure ta kullum, daga ciki zuwa waje. Gazuwal na ganga a bar shi ya kwanta, a tace, don ruwa da dattin da ke ƙasa su ke kashe famfo.

Abin da nake so in ce wa yara: wanda ya shiga da lasisin tuƙi da hannun kanikanci ba a wasa da shi a runduna. Haka mai ilimin jinya, haka wanda ya iya gyaran rediyo da sola.

Tsohon Ajidan: Haka ne. A ƙara da harshe. Bahaushen da ya iya Tamajak ko Fulatanci a arewacin Tawa ya fi mutum uku amfani, don labari daga bakin makiyayi yake fitowa a bakin rijiya, kuma ba ya ba wanda bai yarda da shi ba. Hawan gala kuwa, daga gardi zuwa kafaran zuwa sarjan zuwa ajidan, da kwas da jarrabawa ake yin sa, kuma hukuncin da aka rubuta a dosiyen mutum yana binsa har ritaya.

Yayar Zaure: Ana ɗaukar mata a polis, duwan, jandarma da gardi, kuma ana buƙatarsu sosai a shinge: mace ce ke binciken mace, kuma yarinyar da aka ɗauko da sunan aikatau ta fi buɗe baki ga mace. Iyaye su daina hana 'ya'yansu mata. A dai karanta sharaɗin aure da na ciki a sanarwa da kyau kafin a kai dosiye.

Ɗan Ƙonni: Tunda an zo kudu, a faɗi gaskiya. Abin da ke jan yara Ƙonni ba albashi ba ne, na goro ne da ake miƙawa a shinge.

Tsohon Duwan: Kowa ya sani, ɗana, kuma shi ya sa nake roƙon iyaye su daina yi wa yaro addu'ar "Allah ya kai ka wuri mai maiƙo". Ga yadda abin ke lalacewa. Yau direba ya miƙa dala ɗari don kada a sauke kaya. Gobe ya san farashinka. Jibi ƙarƙashin buhunan albasa akwai kwalayen taramol ko harsasai, kuma kai ne ka ɗaga sandar. Harsashin nan abokin horonka da ke Tiliya zai samu. Ba 'yan ruwa-ruwa masu jarka biyu a babur ne kaɗai ke bin hanyar ba.

Aikin gaskiya a shinge haƙuri ne da ido. Ɗan sanda ya karɓi takarda, ya kalli hoto ya kalli fuska, ya duba ranar ƙarewa, ya shigar a na'ura inda aka sa MIDAS, mai karanta fasfo da ɗaukar yatsa. Idan batirin sola ya mutu a koma babban littafi da biro. Ya lura da babba mai tafiya da yara huɗu da ba su san sunansa ba. Ɗan duwan ya gwada abin da aka rubuta da abin da ke cikin mota, ya shigar a SYDONIA, tsarin kwamfutar duwan na rajistar kaya. Kuma duk wannan da mutanen da gonarsu ke wancan gefe, surukansu na Illela, jana'izarsu na Sakkwato. Wanda ya wulaƙanta tsohuwa mai zuwa biki ya rasa duk ƙauyen, ba wanda zai sake gaya masa baƙuwar mota ta wuce da dare.

Dokoki kuma suna juyawa, dole jami'i ya riƙa karatu. Najeriya ta rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. An sake rufewa bayan 26 ga Yulin 2023, aka buɗe a Maris na 2024. Dokar 2015 kan safarar baƙin haure an soke ta a Nuwamban 2023, abin da ya canja aikin Agadas da Asamaka da ke iyakar Aljeriya. Fitarmu daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025, aka fito da fasfon AES, ƙawancen Nijar, Mali da Burkina. Jami'in da ke aiki da umarnin bara zai tsare wanda bai kamata ba.

Hajiya Mai Atamfa: To Baba, mai BEPC ɗan shekara 19, mai ƙarfi amma Faransancinsa da rauni, ina za ku ce ya nufa?

Tsohon Ajidan: Idan ya yarda da daji da nisa da gida, gardi ko soja. Idan polis yake so, ya ba rubutu shekara guda tukuna, shekarunsa na da sauran fili.

Ɗan Koira Tegi: Ni zan ce ya yi shekarar rubutun ko gardin zai shiga. Kwas ɗin sarjan ma da alƙalami ake cinsa.

Magatakardan Kotu: Hajiya, kafin duk wannan ki karɓi takardunsa uku gobe ki ba wanda ya iya karatu ya gwada sunaye da ranaku. Idan akwai bambanci, a fara da kotun inda aka haife shi, a tafi da takardar haihuwar uba ko ta uwa.